Katangar Inka ta Ɗayyabu Mai Zoɓo

Ɗayyabu dillalin zoɓo ne a Gagarawa. Bayan kaka yakan bi ƙauyuka a kan babur yana tara buhuna, ranar Alhamis ya kai su kasuwar Maigatari. A wannan sana'a babu mai kushe shi. Matsalarsa ɗaya ce: tun da aka haife shi ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa ya ce bai sani ba. In ana zancen ciwon idon raƙumi, ya taɓa warkar da biyu. In ana zancen jirgin ruwa, saura ƙiris ya tuƙa ɗaya.

A shekarar da abin ya faru, ƙungiyar masu zoɓo da riɗi ta samu gayyata zuwa wata kasuwar baje kolin amfanin gona a ƙasar Feru, can Kudancin Amurka. Kujera biyu aka ba su. Ɗaya ta Hajiya Juwairiyya ce, 'yar Gumel, wadda ta yi shekara ashirin tana koyarwa kafin ta shiga fatauci, ita ce mai Turancin ƙungiyar. Ɗayar ta shugaba ce, sai aka duba fasfonsa aka tarar fasfon ya mutu tun bara. Aka bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, babu mai fasfo mai rai sai Ɗayyabu, wanda ya yi nasa don Umarar da har yau bai je ba.

Shi dai a majalisa cewa ya yi mutanen Feru ne suka neme shi da sunansa.

Da aka gama baje koli, masu masauki suka ɗebi baƙi a jirgi zuwa wani tsohon birni a kan duwatsu mai suna Kusko, su yi kwana biyu su ga kayan tarihi. Tun a jirgi aka yi gargaɗi, Hajiya ta fassara masa.

"Malam Ɗayyabu, sun ce garin yana sama ƙwarai, iskarsa ba ta da yawa. In mun sauka a yi tafiya a hankali."

"Hajiya, ni da na hau dutsen Dala da azumi a bakina, da rana tsaka? Su faɗa wa Turawa."

Ya sauka, ya saɓa jaka, ya wuce kowa da sauri. Taku talatin ya yi. A na talatin da ɗaya ya zauna a ƙasa, ya ce yana duba irin daɓen da suka yi ne.

Ranar farko a gadon otal ya yi ta, rungume da tukunyar iskar numfashi, roba a hanci. Da ma'aikacin otal ya zo karɓar tukunyar don wani baƙo, Ɗayyabu ya riƙe ta da hannu biyu da ƙafa ɗaya.

Rana ta biyu ya lallaɓa ya bi ayari. Aka kai su haikalin da mutanen da, waɗanda ake kira Inka, suka gina wa rana suna bauta mata. Da Turawan Sifen suka ci ƙasar da yaƙi, sai suka ɗora cocinsu a kan katangun haikalin. Ɗan jagora yana bayani da Turanci, Hajiya tana juyawa: duwatsun nan an jera su ne babu siminti, babu laka, babu komai a tsakaninsu, amma ko reza ba ta shiga. An yi girgizar ƙasa, ginin Turawan ya tsattsage ya zube, na Inka ko gezau.

Iyakar abin da Ɗayyabu ya ji ke nan. Ɗan jagora bai gama ba, amma jiri ya ɗebe shi, ya fita waje neman iskar da babu ita. A bakin titi ya ga wata mata riƙe da wata dabba mai jikin tunkiya da wuyan raƙumi, an yi mata ado da zaruruwa ana ɗaukar hoto da ita. Jinin ɗan kasuwar dabbobi ya motsa. Ya kama leɓenta zai duba haƙora kamar yadda ake yi a Maigatari. Dabbar ta dube shi, ta tattaro abin da ta ci tun safe, ta tofa masa a tsakiyar fuska.

Da yamma aka bi da su wani lungu aka nuna musu wani dutse a jikin katanga mai kusurwa goma sha biyu. Ɗayyabu ya ƙirga ya samu tara, ya sake ya samu sha huɗu. Ya zaro reza daga aljihu zai gwada, mai gadi ya busa masa usur a kunne. Babban cocin dandalin garin kuwa, wanda kowa ya shiga yana ɗaga kai, shi daga kan benci ya gan shi, ta tsakanin gwiwoyinsa.

Ya dawo Gagarawa da bazara, da wata hular ulu mai rufe kunnuwa. Da ita ya fito majalisa, gumi yana tsiyaya ta haɓarsa.

Majalisar a gindin darbejiyar ƙofar gidan Kawu Dalhatu take, yayan mahaifiyarsa, dattijon unguwa. A cikin masu zama akwai Ilu magini, maƙwabcin Ɗayyabu, wanda ya gina rabin gidajen bulon da ke unguwar.

"Malam Ilu," in ji Ɗayyabu, "ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sana'arka ta ƙare."

Ilu ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. "Yaushe?"

"Tun shekara ɗari biyar da suka wuce. Labari ne bai iso ba. Siminti yaudarar Turawa ce. A Kusko na zauna da manyan maginansu kwana biyu cur, ba su ɓoye mini komai ba. Dutse a kan dutse, shi ke nan. Ko reza ba ta shiga."

"Da wane yare kuka yi magana?"

"Magini da magini ba sa buƙatar yare."

Kawu ya gyara zama. "Ɗayyabu, kai yaushe ka zama magini?"

"A can, Kawu. Iskar garin ce haka. Tana buɗe ƙwaƙwalwa."

"To ka cire hular nan ta sha ta gida."

Aka yi dariya. Da ba a yi dariyar nan ba, mai yiwuwa da maganar ta tsaya a gindin darbejiya. Amma Ɗayyabu ya miƙe ya rantse cewa kafin ruwan farko zai gina katangar Inka a Gagarawa, kuma a gidansa, don kada wani ya ce ya ci da gumin wani.

Washegari da hantsi matarsa Sauda tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta ji dukan diga a katangar da ke raba su da titi. Katangar ƙasa ce, mahaifin Ɗayyabu ya gina ta, ta ga damina arba'in ko tsagewa ba ta yi ba. Kafin Sauda ta lalubo mayafi, tuni haske ya shigo, ga mai kalanzir a kan keke yana gaishe ta.

"Baban Hannatu, lafiya?"

"Ci gaba ne ya zo."

"Ta nan zai shigo? Ai da ya bi ta zaure."

"Sauda, mako biyu kawai. Za ki zama mace ta farko a Jigawa da ke zaune a bayan ginin Inka."

"Yanzu dai ni ce ta farko da ke zaune a kan titi."

Aka kafa zana. Awakin unguwa suka cinye ƙasanta a kwana uku. Sauda ta koma girki da hijabi har ƙasa, 'yarta Hannatu ta daina shanya, duk wanda ya wuce kuma sai ya san miyar da za a ci a gidan.

Sai bayan katanga ta kwanta Ɗayyabu ya tuna abu ɗaya: Gagarawa babu dutse. Yashi ne, daga nan har inda ido ya tsaya. Ya zagaya bayan gari da amalanke wuni guda, ya dawo da guntun bulo biyu da ƙwaryar kan jaki.

Ya kira Ɗantala mai tifa a waya ya ce a kawo masa dutse daga kudu, mota guda, mai kyau. Ɗantala ya kawo mai kyau ɗin, irin wanda duk mai gini yake nema: tsakuwar kankare, kowace ɗaya kamar goro. Ya juye ta a ƙofar gida ya toshe zauren.

"Ɗantala, dutse na ce!"

"To wannan auduga ce?"

"Manya nake nufi! Wanda na gani a can, ɗaya ya fi motar nan taka."

"Ai sai ka kira wanda ya kai musu."

Ɗayyabu bai karaya ba. Ya zauna ya yi tunani ina dutse yake a ƙasar yashi, sai ya gano: yana hannun mata. Tun da injin niƙa ya zo, kowane gida akwai tsohon dutsen niƙa a jingine a bayan ɗaki. Ya hau babur ya bi Gagarawa gida gida, ya wuce Ɗanzomo, ya ci kasuwar Sule Tankarkar yana cigiya. Wasu suka ba shi don su huta da surutu. Wasu suka ba shi aro. Iya Ummukulsum, wata tsohuwa a bayan masallaci wadda har yau ba ta yarda da garin inji ba, kuma kunnenta ya yi nauyi, ta ba shi ɗan dutsenta na hannu, wanda ake murzawa a kan uwar.

"Kwana biyu ka ce ko?"

"Iya, tarihi zai shiga!"

"Talata? To, Allah ya kai mu."

Da na niƙa suka ƙare ya koma kan na murhu. Sauda ta fito za ta ɗora sanwa ta tarar da duwatsu biyu a maimakon uku.

"Baban Hannatu, ina ɗayan?"

"Yana aikin ƙasa."

Ranar tuwon ya fito a karkace, ta zuba masa ɓangaren da bai dahu ba.

Aka fara gini. Nan ya gano cewa dutsen niƙa yana da ciki, na murhu yana da ƙusumbi, kuma babu wanda yake son zama a kan ɗan'uwansa. In ya ɗora uku, na huɗu sai ya kori na biyu. Ya ɗauko guduma da wani guntun ƙarfe zai sassaƙa ɗaya ya ba shi kusurwa goma sha biyu. Kwana tara yana bugu. Dutsen ya samu kusurwa ɗaya, babban yatsan Ɗayyabu ya samu uku.

Ilu yakan leƙo ta kan katangarsa da safe.

"Sannu da aiki, Sarkin Inka. In kawo kwano ɗaya na siminti? Ba wanda zai ji."

"Ka riƙe kayan mulkin mallakarka."

"Hadari fa ya fara haɗuwa a gabas."

"Inka ba sa kallon gabas."

"Ba kai ka ce rana suke bauta wa ba?"

Ɗayyabu ya ga mako biyu sun zama biyar. Sai ya ƙaro zana ya kewaye wurin ta ciki da waje, ya sanar cewa an zo matakin sirri, wanda maginan Kusko suka sa ya rantse ba zai nuna wa kowa ba. A bayan zanar, da rana tsaka lokacin da kowa ya shige inuwa, ya jiƙa ƙaro a bokiti, ya dama shi da sitacin rogo da ɗan gero, ya riƙa cusawa a tsakanin duwatsu yana toshe ramuka da tsakuwar Ɗantala. In ya gama ya shafe da toka. A ransa bai karya doka ba, don ɗan jagora siminti da laka ya ambata, bai ce komai a kan kunu ba.

Abin ya kama. Duwatsu suka zauna. Sai dai daga ranar awakin unguwa suka daina cin zana, suka koma kutsawa ta ƙarƙashinta. Da safe ka gan su a jere, kowace ta manna baki a katanga, ido a lumshe.

Kawu ya tsaya da sandarsa yana kallo. "Ɗayyabu, me awakin nan suke nema?"

"Kawu, dabba tana gane abu mai daraja. A can ma haka dabbobinsu suke yi."

"Su ma lasa suke?"

"Har da tofi."

Da katanga ta kai ƙugu, dutse ya ƙare ƙaf. Babu sauran na niƙa daga nan har iyaka. Katanga iya ƙugu kuwa ba ta suturta kowa, Sauda ta faɗa masa haka da kalmomin da suka fi waɗannan tsawo, ta ƙara da cewa in ruwan farko ya sauka tana kan titi, gidan Kawu za ta kwashe ta koma har ya gama zama Inka.

Ɗayyabu ya wuni bai ce uffan ba, abin da ya sa maƙwabta suka aiko tambayar lafiya. Da la'asar ya fito yana murmushi, ya nufi Ilu.

"Malam Ilu, dama haka tsarin yake. A Kusko ƙasan na Inka ne, saman na Turawa. Kai za ka yi mini na Turawan. Bulo da siminti, layi huɗu. Ranar buɗewa za a yi girgizar ƙasa, naka ya zube, nawa ya tsaya, jama'a su gani da idonsu."

Ilu ya dube shi. "Wato in gina don ya faɗi."

"Don ilimi."

"Ni ban iya ginin faɗuwa ba. Yadda na saba zan yi."

"Yi iya ƙoƙarinka. Su ma Turawan sun yi."

Ilu ya yi ne don Sauda da Hannatu. Ya duba abin da zai ɗora wa nauyi, ya yi salati a hankali, sannan ya kafa katako ya zuba linta da rodi tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya jera bulonsa a kai, ya yi masa shafe sumul.

Saura girgizar ƙasa, wadda ita ma Gagarawa ba ta da ita. Ɗayyabu ya shirya tasa. Ɗantala zai kawo tifa ya tsaya kusa ya yi ta taka mai. Majiya ƙarfi ashirin daga 'yan dako za su yi tsalle tare in an ba da alama. Ya aika Gumel aka gayyato Hajiya Juwairiyya ta zama shaida, don yana da yaƙinin cewa mace mai kunya irinta ba za ta tsinka shi a gaban mutane ba.

Ranar Asabar bayan la'asar titin ya cika. Mutane sun zo har daga Ɗanzomo, yawancinsu mazan da matansu suka aiko su dubo lafiyar duwatsunsu. Aka shimfiɗa wa Kawu tabarma, aka ajiye wa Hajiya kujera. Ɗayyabu ya fito da babbar riga da hular ulu. Aka yaye zana, aka kori awaki, suka koma gefe suka tsaya suna jira.

Jama'a suka zuba ido. Daga sama gini ne sosai. Daga ƙasa kuwa kamar bakin tsoho.

"Jama'a," in ji Ɗayyabu, "abin da za ku gani yau, sai wanda ya hau jirgi uku yake ganinsa. Ga reza."

Ya ɗaga ta kowa ya gani. Ya kai ta tsakanin duwatsu biyu. Reza ta shige, ya ji ƙararta ta faɗa ta cikin gida.

"Wannan ƙofar iska ce," in ji shi. "Da gangan ake barinta."

Ya matsa gaba ya zaro wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kawu ya miƙa sandarsa daga inda yake zaune ya zura a wani rami, ta shige har mariƙi. Wani ƙadangare ya fito ta gefenta ya gyaɗa kai ya koma.

"Ƙofofin iskar da yawa," in ji Kawu.

"Can iska ba ta da yawa, Kawu, dole a tanada. A kawo girgizar ƙasa!"

Ɗantala ya tayar da tifa ya taka mai, hayaƙi ya turnuƙe. 'Yan dako suka yi tsalle, sau ɗaya, sau biyu, sau goma, ƙura ta tashi, yara suna ihu, kaji suna neman tsira. Da ƙura ta lafa, katanga tana nan tsaye, sama da ƙasa.

Babu wanda ya kai Ɗayyabu mamaki. Ya dube ta, ya dubi jama'a, nan take ya manta da kunun da ya dama.

"Kun gani? Kun gani! Malam Ilu, naka ma albarkacin nawa ya ci! Gobe duk mai siminti a Jigawa ya nemi wata sana'a. Zan buɗe makaranta. Zan gina sakatariya. Zan..."

Ana cikin haka Iya Ummukulsum ta ratso taron da 'yar sandarta. Ba ta ji jawabi ba, ba ta ji tifa ba. Talata shida ta yi tana jira. Ta bi katanga da ido a hankali, ta hango ɗan dutsenta a layi na biyu daga ƙasa, inda awaki suka lashe kewayensa tas. Ta sunkuya ta sa hannu.

"Iya! Kada ki..."

"Lafiya lau, ɗan nan. Niƙa zan yi."

Ta zare shi kamar ana zare goro daga aljihu, ta goge da gefen zane, ta juya ta kama hanyarta.

Katanga ta ɗan yi tunani. Tsakuwa ɗaya ta faɗo, sai biyu. Wani dutsen murhu ya leƙo ya fice. Daga nan sai gaba ɗaya ginin Inka ya tashi tafiya, na niƙa suna gangarowa titi, jama'a suna tsalle na gaskiya a wannan karon, akuya ɗaya ta haye tifa. Ginin Ilu kuwa ya sauko a tsaye, a dunƙule, ya zauna daram a kan tarkacen. Ko tsagewa bai yi ba. Ya dai rage tsawo.

Ta samansa kowa ya hango tsakar gidan. An share shi fes, an kwashe tukwane da randa an kai can ƙarshen gida. Sauda tana zaune a kan kujera nesa da katanga, cikin hijabinta na unguwa, tana gyaran zogale.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "Tun safe na san za mu yi baƙi."

Ilu ya je ya shafa bulonsa. "Malam Ɗayyabu, a can ma na Turawan ne yake saukowa ya zauna?"

Ɗayyabu ya buɗe baki, ƙura ta shiga, ya rufe.

Kawu ya juya wajen baƙuwa. "Hajiya, ke kin je. Haka abin yake?"

Hajiya Juwairiyya ta kaɗe ƙura daga mayafinta. "Baba, katangun suna nan, na gan su, abin mamaki ne. Ɗan jagora ya ce kowane dutse sai an sassaƙe shi an goge shi har ya dace da maƙwabcinsa, mutane dubbai, shekara da shekaru. Sai dai lokacin da ya zo nan a bayaninsa Malam Ɗayyabu ba ya ciki."

"Yana wajen manyan maginan?"

"Yana waje dai. Na fito na tarar suna ganawa da wata dabba. Ita ta yi magana ta ƙarshe."

Da aka matsa mata ta miƙa wayarta. Wayar ta zagaya titin hannu zuwa hannu, har 'yan dako, kowa ya ga Sarkin Inka a gadon otal ya rungume tukunya kamar an ce za a raba shi da uwarsa.

Kafin magariba mazan Ɗanzomo sun tsince duwatsun matansu, ana musu a kan wanne ne na wa. Sauda ta aiko Hannatu ta ɗauko na murhu. Washegari Ilu ya zo da ma'aikatansa, ya yi amfani da tsakuwar Ɗantala ya zuba tushe, cikin kwana huɗu katanga ta tashi. Ɗayyabu ne ya yi masa lebura, da umarnin Kawu, yana ɗauko bulo da yatsa a naɗe. Ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan an gama, Sauda tana bayan katangarta.

Mako guda bai fito majalisa ba. Rana ta takwas ya zo da hular gida, ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma. Aka yi zancen taki, aka yi zancen iri, bai tsoma baki ba. Har Kawu ya fara jin tausayinsa.

"Ɗayyabu, ka yi shiru. Ai tafiya ba ta ɓaci ba, ka dai ga duniya."

"Na gani, Kawu." Ya gyara hularsa. "Gaskiya dutse ba fannina ba ne. Na yarda."

"Madalla."

"Amma akwai wata gada da aka ba mu labari a can. Da ciyawa zalla suke saƙa ta, a kan kogi, mutane suna wucewa. Babu ƙusa, babu katako. Na fahimci yadda ake yi sarai."

Kawu ya dubi gabas, ya dubi yamma, yashi ne ko'ina. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah da bai ba Gagarawa kogi ba.

"Haka ne," in ji Ɗayyabu. "Sai dai kududdufin bayan makaranta ya fara cika."

 Ilu ya miƙe a hankali ya kaɗe rigarsa, sauran ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi gida ya kulle rumbun harawarsa.